Gaisuwar da Gwaggo Saude ta hana ni

Yau shekara uku ke nan da rasuwar Gwaggo Saude, yayar mahaifina, wadda mutanen Fagge suka fi sani da Malama. Ni ba marubuciya ba ce, sakandare kawai na gama. Amma akwai laifin da na yi mata bayan ranta wanda ya tsaya mini a ƙirji, kuma ita ce ta koya mini cewa irin wannan ba ya sauka sai an faɗe shi.

Gwaggo ta daɗe tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Ita ake tura wa ɗalibar da ta daina magana ko ta daina cin abinci, don ta karanci aikin ba da shawara, tana da takardarta. Da ta yi ritaya sai ta ce za ta buɗe wurin kanta, inda mace za ta zauna ta faɗi damuwarta a saurare ta. A shagon ƙofar gidanmu ta fara. Aka yi fenti, aka rubuta allo, ta sayi kujeru biyu da labule. Wata biyu tana zama tun hantsi har la'asar, ba wanda ya leƙo sai mai tambayar ko ana cajin waya. To wa zai shiga? Layinmu ne fa, inda in kika yi atishawa gida uku za su yi miki addu'a.

Sai ta cire allon, ta koma Sabon Gari, ta kama ɗaki a saman shagon ɗinkin Mama Ifeoma. Abin da ya ja ta wurin shi ne matakalar, don a cikin shagon take, bayan kayan da aka rataye. Duk wadda ta shigo, mai wucewa zai ɗauka ɗinki ta kawo. Mata suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da ledar atamfa a hannu, atamfar da ba za a taɓa yankawa ba. Mama Ifeoma, wadda a Sabon Gari aka haife ta, ta fi ni iya Hausa, takan ɗaga murya daga kan kekenta ta ce, "Malama, mutanenki ko maɓalli ba sa kawo mini, sai dai su tattake mini zare su haye sama." Gwaggo ta leƙo ta ce, "Yi haƙuri Madam, in sun warke ke za ki ɗinka musu kayan salla."

Ni ce mai zama a benci a bakin ƙofa, in ba da ruwa, in tsara lokaci don kada biyu su haɗu a matakala. Ranar da na fara, doka ɗaya ta kafa mini. Ta ce, "Zulai, duk wadda ta taɓa hawa benen nan, in kin gan ta a waje ba ki san ta ba. Ko a gidan biki ne, ko a asibiti. In ta fara gaishe ki, ki amsa. In ba ta gaishe ki ba, ki wuce." Na ce, "Gwaggo, ko ta girme ni?" Ta ce, "Ko ta haifi uwarki."

Dokar nan ta jawo mata magana. A Fagge aka riƙa cewa Malama ta fara girman kai, ana haɗuwa da ita tana kau da kai. Har wajen mahaifina an kai ƙararta. Ba ta taɓa kare kanta ba, don kare kan yana nufin ta faɗi dalili, dalilin kuwa sirrin wata ne.

Ranar wata Laraba bayan azahar ta faɗi a kan matakalar nan, ina biye da ita da jakarta. Hawan jini ne. Ni na riƙe kanta a cikin adaidaita sahu, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. A zaman makoki mata suka riƙa shigowa waɗanda ba wanda ya san su a gidan, su yi gaisuwa, su zauna a gefe su yi kuka, su tashi. Na san kowaccensu. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini.

Bayan kamar wata biyu na karya dokar. Akwai wata mata, ba zan faɗi sunanta ba, kuma na sauya wasu abubuwa don kada a gane ta. Duk Talata take zuwa, tun da ta rasa jaririnta barci ya ƙaurace mata. A gida cewa take ta tafi wajen tela, don a dangin mijinta zuwa irin wurin nan daidai yake da a ce kina da taɓin hankali, ko kina kwashe asirin gida kina kaiwa waje. Ban gan ta a makoki ba. Rannan a Kantin Kwari sai ga ta tana taya shadda, wata babbar mace a gefenta. Ban san sanda na riƙo hannunta ba. Kewar Gwaggo ce ta ci ƙarfina, ina son in ga wanda ya san ta kamar yadda na san ta. Na ce, "Anti, kin ji Malama ta rasu?"

Babbar macen, ashe yayar mijinta ce, ta ce, "Wace Malama?" Matar da na riƙo ta amsa da sauri, "Telata ce, Yaya." Yayar ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Ikon Allah. Tela ake ce wa Malama? Ke 'yan mata, a ina shagon naku yake?" Na juya na shige cikin mutane. Abin da na gani na ƙarshe shi ne idon matar nan. Cikin minti ɗaya na ba ta labarin mutuwar wadda take jingina da ita, na hana ta damar kuka, na kuma bar ta da tambayar da za ta bi ta har gida.

Ban san abin da ya faru a gidan ba. Shekara kusan uku ina tsoron kada a ce aurenta ya mutu ta dalilina. Ba ni da wanda zan tambaya, don tambayar ma wata tonon asirin ce.

Ina yawan tunanin me Gwaggo za ta ce da ta ga yanzu. Masu irin aikinta sun fara yawa, wasu da allo a bakin titi, kuma ana shiga. Wannan zai faranta mata rai. Amma da ta ga yadda mace ke tura damuwarta a waya tana roƙon a sakaya sunanta, kafin la'asar dubban mutane sun yanke mata hukunci, na san abin zai dame ta ƙwarai. Ɗakinta yanzu ma'ajin yadi ne. Mama Ifeoma ta ce har yau akan samu mai shigowa da leda, ta kalli matakalar, sannan ta tambayi kuɗin ɗinkin riga.

Watan jiya na sake ganin matar a Kasuwar Singa, ita kaɗai, da goyo a bayanta. Ina so in durƙusa in roƙi gafara, in tambaye ta ko tana gidanta, in leƙa fuskar jaririn. Muka haɗa ido. Ta gane ni, na tabbata. Na jira. Ta gyara mayafinta a kan goyon, ta wuce.

Ban bi ta ba, ban kira ta ba. Na tsaya a gefen wani shago ina kuka har hawayen suka tsaya. Gwaggo ba ta bar gida ko allo mai sunanta ba. Abin da ta bari shi ne mata a garin nan da ke tafiya da asirinsu a rufe, suna da ikon su wuce ba su ce komai ba. Ranar na ba matar nan haƙƙinta, bayan shekara uku.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa bayinSa.