Takardar Kiɗan da Na Tsinto a Hanyar Gummi

Jama'a, wallahi wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, shekarun baya lokacin ina kabu-kabu da babur tsakanin Anka, Bukkuyum da Gummi.

Akwai Malam Bitrus, mutumin Filato, yana koyarwa a wata firamare a Gummi. Ya shirya wa ɗalibansa rawa ta bikin ƙarshen shekara, irin mai ba da labari babu magana, yara na juyi a kan yatsun ƙafa. Kiɗan kuwa su uku suka raba: shi, da wata nas a Anka mai kiɗa a coci, da Baba Saje na Bukkuyum, tsohon mai busa a badujalar 'yan sanda. Kowa ya rubuta nasa da hannu, layi-layi da ɗige-ɗige kamar kashin awaki, ni ke kai-kawo da takardun.

Ran da na karɓo na Baba Saje, da rana tsaka, guguwa ta fizge ledar da na sa su ciki daga hannuna, takardu suka watse cikin gonar gero. Ina ta tsinta sai ga wata Bafulatana da ƙwaryar nono a kai, tana wani ɗan amo a maƙogwaro, mai daɗi kai! Ta miƙo mini takarda guda ta ce, "Ga wagga, ka manta ta." Na ɗaure kaya na waiga in yi godiya, babu kowa, ga fili fetal.

Da na isa Gummi, Malam Bitrus ya baza takardun, ya ɗaga wadda matar ta ba ni ya ce, "Wannan ba hannun Baba Saje ba ne." Amma ya zauna gaban fiyano, abin kiɗansa, ya gwada. La'ilaha illallahu! Amon matar nan ne sak. Yaran da ke cin gyaɗa a bakin aji suka miƙe gaba ɗaya, suka kama wata rawa da ba wanda ya koya musu, ƙafa ɗaya, juyi ɗaya, idanu a rufe. Kyau dai ba a magana, har tafi na soma yi! Sai na ga malam yana zufa, yana ce mini, "Riƙe hannuna, na kasa tsayawa!" Na rungumo shi muka faɗi tare da benci, yaran suka zube, suka tashi suna tambayar me ya faru.

Aka kira nas, aka kira Baba Saje, kowa ya rantse bai san takardar ba. Malam ya ƙone ta a gabana.

Bara ina gyaran babur a ƙofar gida, na ji ɗiyata 'yar shekara huɗu tana wannan amon. Na ce wa ya koya miki? Ta ce, "Inna mai nono, ta ce in gaishe ka."

Don Allah, abin da ya faɗi muku a daji, in kun tsince, ku duba da kyau kafin ku kai gida.