Kitse a Bakin Igiya

Rufin banɗakina yana yoyo. Na kira masu gidan, sun ce suna zuwa, ni ma na ce musu to. Na tara tsohon bokitin ƙarfe, tun daga nan ba abin da nake ji sai ɗis, ɗis, ɗis. Ƙarar nan ce ta sa na zauna rubutu, ni da ko sakandare ban gama ba. In ka ga maganar ta karkace, ka yi haƙuri, ko kar ka yi, duk ɗaya ne a wurina.

Kakana na wajen uba shi ya rene ni, a wani ƙauye na ƙasar Zazzau inda rake ya fi mutum tsawo. Uwata ta rasu ina goye, ubana kuma yana Amurka yana karatun noma. Sana'ar Kaka mazarƙwaila. Doki yana zagaya injin matsa, ruwan rake yana tsiyaya, shi kuma yana tsaye kan babban kasko cikin hayaƙi, yana kwashe kumfa har ruwan ya yi kauri a zuba a 'yan tasoshi. A gefen kaskon nan na yi wayo. Ba ya kirana komai sai Aboki.

Da ciwon ciki ya kama shi, ubana ya riga ya samu aiki a Beltsville, sai ya ɗauko mu mu biyu. Muka sauka a Silver Spring a tsakiyar hunturu, a wani gidan sama mai warin fenti. Likitoci suka ce ƙari ne, za a iya cirewa, amma tsohon ya rame da yawa, sai ya yi ƙwari tukuna. Wato sai ya ci abinci. To nan ne fa ake yin ta. A lokacin babu shagunan halal da kake gani yanzu a kowace kwana. Naman da bai ga yankansa ba, Kaka ba zai taɓa ba. Burodinsu ya ce warin sabulu yake. Madarar kwali ya ce bai san nonon wace dabba ba ce. Yana zaune bakin taga da carbi, wuyansa kullum ƙara tsawo yake.

Wata rana ubana ya dawo da kwalba da wani abokin aikinsa ya ba shi. Abu ne ja-ja mai kauri kamar zuma. Ya durƙusa ya ce, “Baba, wannan ruwan itace ne zalla. Mefil ake ce wa bishiyar. Ba abin da ya taɓa shi sai wuta.”

Kaka ya tsoma yatsa ya lasa. Ya sake lasa. Can ya ce, “Wannan ai ƙanwar mazarƙwaila ce.”

Daga ranar ya fara ci. Kunun masara da ruwan itacen nan, safe da yamma, har da neman ƙari. Kumatunsa suka ciko. Likita ya ce in aka ci gaba haka, da zarar sanyi ya wuce za a yi aikin. Sai Kaka ya kafe, shi sai ya ga inda ake dafa abin. Mai sana'a ba ya jin labarin kaskon wani ya zauna.

Ƙarshen hunturu ake yinsa, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa ƙasa ta zama taɓo. Muka yi ta hawa duwatsun yammacin Maryland a tsohuwar motar ubana. Daji ne fayau, babu ganye ko ɗaya, kowace bishiya an huda ta an soka ɗan bututu, an rataya bokiti. Muna fitowa daga mota na ji shi ta ko'ina, ɗis, ɗis, kamar dajin ne yake kuka a hankali. Kaka ya leƙa wani bokiti, ya ga ruwa fari tas, ya girgiza kai ya ce Allah mai iko.

Al'adar mutanen wurin ce a ci abinci tare a wannan lokacin. Dogayen tebura a wata rumfar katako, an jera fanke masu faɗi, da ƙwai, da wake, da tsiran alade yana ta maiƙo. Ubana ya shirya wa wannan tun daga gida. Ya je ya roƙi matan da ke girkin su soya mana fanke a kasko daban, ya zaunar da Kaka a ƙarshen tebur ya ba naman baya. Tsohon ya ci kamar mai huce haushi, ruwan zaƙi har gemu. Ya ce mini, “Aboki, miƙa hannu, kar ka koma gida ka ce ni na cinye rabonka.” Ban ƙara ganin ya yi dariya irin ta ranar ba.

Sannan aka shiga ɗakin dahuwa. Tururi ya cika shi, ƙamshin itace da sukari, kasko mai tsawo kamar kwalekwale. Mai wurin wani tsohon Bature ne mai gemu. Ba su da yare ɗaya da Kaka, amma nan da nan suka gane juna. Ya miƙa masa ludayi, Kaka ya ɗebo ya tsiyayar yana duban yadda yake zuba, Baturen yana gyaɗa kai. Sai ruwan ya taso da kumfa kamar zai zube. Akwai wani farin abu da aka rataya da igiya a saman kaskon. Kumfar na taɓa shi, sai ta kwanta.

Dabarar ta burge Kaka. Ubana ɗan fari ne, Kaka ba ya kiran sunansa, sai ya ce, “Kai, mu man gyaɗa muke ɗigawa. Tambaye shi wane kitse ne wannan.”

Ubana ya tambaya. Baturen ya ba shi amsa. Ban iya Turanci ba a lokacin. Ubana ya juyo.

“Na saniya ne, Baba.”

Kaka ya dube shi. Sai ya juya wajen Baturen, ya nuna kitsen, ya ɗora yatsu biyu a ka kamar ƙaho. Baturen ya yi dariya, ya girgiza kai. Bawan Allah bai san komai ba. Ya tura ƙofar baya ya nuna wani ɗan shinge, ga aladu nan suna tonon taɓo da hanci.

Kaka ya ajiye ludayin a hankali. Ya fita, ya durƙusa cikin ƙanƙara, ya zura yatsa a maƙogwaro. Ina riƙe da hularsa. Da ya gama ya damƙi ƙanƙara ya goge baki da gemu.

A mota ubana ya yi ta bayani, wai abin da aka ci cikin rashin sani ba zunubi, wai marar lafiya an yi masa sauƙi. Kaka ya bar shi ya gama.

“Na san wannan tun ba a haife ka ba. Wanda na ci a baya Allah ya yafe. Na yau fa, da ka dube ni ka ce na saniya ne? Gobe in sun kwantar da ni sun buɗe cikina, wa zan tambaya me suka sa?”

Daga nan bai ƙara cin abin da ba shi ya ɓare da hannunsa ba. Dafaffen ƙwai, ayaba, dabino. Naman da ya yi duk ya zube, aka ɗaga aikin, aka sake ɗagawa. Ya ce a mai da shi gida. Na yi kuka na ce zan bi shi, ya ce, “Aboki, kai zauna ka yi boko.” Da damina aka aiko ya rasu, raken shekarar bai ma nuna ba. Bokon kuwa ban yi ba. Na zauna da ubana gida ɗaya kamar 'yan haya, da na samu lasin na kama tuƙi, har yau.

An ce yanzu sun daina rataya kitse, mai suke ɗigawa, bokitan ma sun koma tiyo na roba. 'Yata tana haska kwalba da waya, ta gaya mini da Turanci halal ce. Komai ya zo da sauƙi bayan wanda yake bukata ya tafi.

Na san ubana so yake tsohon ya rayu. Na sani, ba sai ka gaya mini ba. Yanzu shi ne a ɗakina a Landover, ɓarin jikinsa ya shanye, ni nake dama masa kunu in ba shi a baki. Kullum ina jira ya tambaye ni me na sa a ciki, don in gaya masa gaskiya yana ji yana gani. Bai taɓa tambaya ba. Buɗe baki kawai yake yi.