'Yar Tsanar Japan da Muka Yi wa Hannuwa

Ranar wata Juma'a, a daminar farko ta yaƙin basasa, Yaya Sule ya rataya jaka ya tafi soja, ya bar gidanmu na Zaitawa tsit. A ranar ce kuma Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta ɗaga ido ta ga 'yar tsanar nan a kan jeren kwanukan Inna. Ta katako ce, kai mulmulalle, jiki kamar taɓarya, da jan fure a ƙirji. Baba ne ya zo da ita daga yaƙin Bama, ya ce a ramin sojan Japan ya tsince ta. Gwaggo ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ba hannu ba ƙafa, kuma kuka ajiye ta a ɗakin uwar soja?"

Daga ranar Inna ta daina cin tuwon kirki. Ana ta zancen samarin da ake saukewa a tashar jirgi da sanda a hammata, Baba kuwa ya rantse ba mai jefar masa da ganima. To ni, mai ilimin aji uku cur, na yanke hukunci irin na manyan likitoci. Na fere reshen darbejiya, na ari ƙusa a wurin kafinta, na kafa mata hannuwa biyu da ƙafafu biyu. Daren nan Inna ta ci tuwo.

Wata talatin ina gadin gaɓoɓin nan. Ko langa nake yi a ƙofar gida, sai na ruga na duba. Ran da kaza ta ture ta hannun dama ya cire, na mayar a ɓoye, na yi sati uku ina leƙen hanya, har wasiƙar Yaya ta zo. Inna ta miƙo mini in karanta. Ban iya haɗa kalmomin ba, amma na gane karkataccen rubutunsa, na ce mata hannun na nan.

Yaya ya dawo da gaɓoɓinsa cif, haƙori ɗaya kawai ya bari a jikin rake.

Bana jikana ya nuna mini irin 'yar tsanar a waya. Wai kokeshi ake ce musu, da gangan ake sassaƙa su ba hannu, masu tara kayan tarihi suna rububinsu, amma ramukan ƙusata sun kashe darajar tawa. Inna da Yaya duk sun riga mu gidan gaskiya. Har yau in hannun ya yi lako-lako, ni nake ɗaure shi.