Fijon da Ummaru Ɗantala Ya Hana Tsalle

Bayan sallar asuba, kafin masu shayin bakin boda su gama hura wuta, Ummaru Ɗantala ya riga ya shimfiɗa kwalinsa ya shige ƙarƙashin mota. Gidana yana kallon garejinsa a nan Jibiya, don haka na fi sanin tafin ƙafarsa a kan fuskarsa. In ka yi sallama daga ƙasa zai amsa. In ka tambayi iyali zai ce lafiya lau, ya ƙara da cewa ka miƙo masa sifana. Da hantsi direbobin Maraɗi su cika wurin, wannan birki, wancan kuloci, ya sallame su ɗaya bayan ɗaya. Sai la'asar ta yi sanyi yake komawa kan tasa motar, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami.

Tsohuwar fijo ce doguwa, ya jawo ta daga wani kango a Daddara, kaji na yin ƙwai a kujerarta. Da muka gan ta mun ɗauka tsufa ya fara taɓa shi. Ashe da dalili. Yana da amini a wani ƙauye bayan Gangara, ɗan aminin nan Yahya yana da mata mai suna Luba. Sau biyu naƙuda tana kama ta, sau biyu ana ɗora ta a babur a nufi asibiti, kuma duka biyun a hanya abin cikin ya rasu. Likita ya ce haihuwa ta gaba sai an yi mata aiki a Katsina, kuma kada a makara. Hanyar ƙauyen yashi ce da ramuka, masu haya ba sa son shigarta. Ranar da Ummaru ya ji Luba ta sake samun ciki, ranar ya je ya jawo fijon.

Ya samo babban inji daga Maraɗi ya dasa mata. Ya sa lagireto mai faɗi don kada ta yi zafi a cikin yashi, ya zauna yana saita kafireta da kunne har ta daina tari. Da ya taka totur, tagogin ɗakina sai da suka amsa. Samari suka riƙa taruwa jin kukanta, masu jigilar kaya ta bayan gari suka yi ta zarya suna tayawa. Ya gaya musu ba ta sayarwa ba ce, bai kuma ɗago kai daga aikin ba.

Amma a nan gwanin ya yi tuntuɓe, kuma tuntuɓen irin na mutanen boda ne. Duk bakaniken Jibiya ya san in ana son mota ta yi aiki, sai a ƙara mata sifirin ta ɗaga baya, don in an lafta mata buhuna ta zauna daidai. Hannun Ummaru ya saba da wannan tun yana saurayi, haka ya yi wa fijon ba tare da wani tunani ba. Da ya ga ta kammalu, ya je ya ɗauko Inna Ummu Salma, ungozomar yankin, don ta ga abin da ya haɗa. Ba su yi nisa ba motar ta shiga tsalle kamar jakin da aka sauke wa mangala. Kan tsohuwa ya bugi rufi, ta sa ya tsaya, ta fito tana gyara ɗankwali.

Ta ce, "Ummaru, wagga mato ta buhu ce. Buhu ka saba ɗauka, shi ko ba ya da mara. In ka sa mai naƙuda nan ciki, kahin ku kai titi ka gama da ita."

Da wani ne, da ya ce tsohuwa ba ta san mota ba. Ummaru kuwa ya juya motar ya mayar da tsohuwar gida. Washegari na leƙa na tarar ya kwance bayan motar gaba ɗaya, aikin watanni yana zube a ƙasa. A lokacin cikin Luba ya riga ya tsufa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji tsoron ba zai gama a kan lokaci ba.

Daga nan ya ƙirƙiro nasa ma'aunin. Kullum da yamma zai cika daro da ruwa, ya ajiye a inda mai ciki za ta kwanta, ya bi hanyar Gangara da gudun da ya san za a buƙata. In ya dawo ya duba abin da ya rage. Da farko daron a bushe yake dawowa, shi kuwa rigarsa sharkaf. Mutanen tasha suka samu abin yi, suna cewa Ummaru ya fita kai ruwa yawo. Ya cire ganyen sifirin ɗaya, ya sauya shoka, ya rage iskar taya, ya sake fita. Wata rana abin ya gyaru, washegari ya ɓaci. Na taɓa ce masa ya bar ta haka, ai ta fi babur. Ya ce mini in da da babur zai gwada ta, da bai fara ba.

Kai ne, Ummaru, baƙin hannu mai farar zuciya, wanda aka gaya wa gaskiya a bakin hanya ya karɓa, ya rushe abin da ya gina da kansa. Mun san masu sa mota ta yi gudu, Jibiya cike take da su. Kai ka koya mata gudu da tausayi.

Naƙudar ta zo kafin lokaci, da tsakar rana, ranar kasuwa. Motar ba fenti, gilashin baya leda ce aka ɗaure. Yahya ya bugo waya, Ummaru ya bar wata mota a kan jak ya tafi. Inna Ummu Salma ce ta zauna a baya, kan Luba a cinyarta, kuma daga bakinta na ji sauran. Ta ce ta ƙanƙame yarinyar tana jiran bugu na farko, har ta ga kwalta ba ta ji shi ba. Ta ce da suka hau titin Katsina ba ta ƙara ganin bishiyoyi da kyau ba, sai salati take yi. An shiga da Luba ɗakin aiki da sauran ƙarfinta. Mace aka ciro, tana tsala kuka, aka sa mata Mu'minat.

Kada ku ɗauka ya huta. Har yau ya ce motar ba ta gamu ba, gaban hagu yana da saura, kuma akwai wani kwazazzabo a hanyar Farfaru da bai yarda da yadda take hawansa ba, ga mata can suna jiran watansu.

Mun gode, Ummaru. Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma matasan gareji, in kun je sauraron kukan injin, ku tsaya ku tambaye shi wa zai ɗauka. Sai saƙon da Luba ta bar mini, don ta san ba za ka fito daga ƙarƙashin mota ka saurare ta ba. Ta ce in gaya maka sau uku tana barin ƙauyen da ciki, wannan ne karo na farko da ta koma da goyo.