Milud da Gwaggonninsa Huɗu

Duk wanda firjinsa ya taɓa lalacewa a unguwar Darb Sultan ta Kazabulanka ya san Milud Sargini. Da gyaran firji yake ci, amma hankalinsa kullum yana saman bene, a wani ɗan ɗaki da ya manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada maƙwabta su kai ƙara. Sun dai kai, har sau uku.

Tun yana saurayi kiɗan rok ya shiga jininsa. Ya kafa ƙungiya, mai ganga ya yi aure ya tuba. Ya kafa wata, mai fiyano ya tsallaka Faransa ko sallama babu. Da ya gaji da halin mutane sai ya koyi komai da kansa: jita, ganguna, fiyano da gimbiri mai tsirkiya uku. Ya samo wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa, ta riƙe abin da ya kaɗa ta yi ta maimaitawa, shi kuma ya ɗora wani kiɗan a kai. Kowane abin kiɗa ya raɗa masa sunan ɗaya daga cikin gwaggonnin da suka raine shi, Allah ya ji ƙansu. Jita ita ce Hadda, saboda tsiwa. Ganguna Mbarka, fiyano Batul, gimbiri Yamna.

Shekara talatin yana kiɗa a gidajen biki, inda ake ce masa ya rage ƙara, uwar amarya na ciwon kai. Sanyin ƙashi ya fara taɓa yatsunsa, kuma burinsa ɗaya ne kafin su sandare: ya hau babban dandali ya kaɗa waƙoƙinsa na kansa.

Matarsa Zuhur ce ta gano wani bikin kiɗa a ƙasar Fotugal da ke neman makaɗa. Milud ya zauna ya rubuta tarihinsa da Larabcin gida, ita kuma ta zuba a waya, manhaja ta juya shi zuwa harshensu. Ga kaɗan daga abin da ya rubuta: “Jitata Hadda ta taɓa faɗowa daga bene, na haɗa ta da gam. Mbarka kullum tana shan duka, ba ta taɓa gajiya ba.” Manhajar nan, da yake ba ta da kunya, sai ta mayar da kayan kiɗan mata huɗu masu rai, har ta ce wa Hadda tsohuwa mai kaɗa jita.

Bayan mako biyu amsa ta zo daga wata Ines, shugabar bikin. Zuhur ta juya saƙon tana karantawa a bakin shago, dariya na neman shaƙe ta. Ta kira shi da Si, wato Malam a bakin mutanen can.

“Si Milud, an gayyace ka, kai da 'yan matanka huɗu. Suna tambaya ko Hadda na buƙatar keken guragu. Kuma wai wa ke dukan Mbarka?”

“Wace Mbarka?”

“Gangarka mana, gwanin rubutu.”

Milud ya ajiye sukuddireba, ya ce abu ne mai sauƙi, a yi musu bayani. Ya sake rubutawa da hanzari, waya ta sake juyawa. Abin da ya isa hannun Ines shi ne kada ta damu, dukkansu a akwati zai kulle su a zuba cikin kaya, Batul ce kawai mai nauyin tsiya, in ta yi yawa zai bar ta a filin jirgi.

Amsar wannan karon layi biyu ce: an dakatar da gayyata sai an yi bincike.

Nan fa dariya ta ƙare. Kwana biyu Milud bai hau bene ba, ko kuskus ɗin Juma'a bai taɓa ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya zauna yana murza yatsunsa. Ya ce zai rubuta na uku, dogo, mai cikakken bayani.

“Ka sake rubuta ko harafi ɗaya, 'yan sanda za su turo mana,” in ji Zuhur. “Tashi mu hau sama. Kai da baki ba ku taɓa shiri ba, bari hannu ya yi magana.”

Da hantsi ta ɗauki bidiyonsa. Ta rubuta sunayen a takardu ta manna wa kowane abin kiɗa nasa. Ya fara da Mbarka, ya taka na'ura, ya ɗora Yamna, ya ɗora Batul, sannan ya rungumi Hadda ta yi ta tsiwa har maƙwabcinsu ya buga bango. Ta tura haka, ko gaisuwa ba ta haɗa ba.

Kafin la'asar Ines ta aiko da nata bidiyon. Ma'aikatanta ne kwance a kan tebura suna dariya da hawaye, ita kuma tana ɗaga takardar gayyata da hannu biyu.

Ranar bikin a Fotugal, ya hau dandalin da yamma, rana ba ta faɗi ba, da rigar da Zuhur ta goge sau biyu. Yatsun sun yi ciwo, amma sun kai shi ƙarshen waƙa ta shida. Da ya tsaya, jama'a suka ɗau wata kalma ɗaya suna ta maimaitawa da ƙarfi, suna buga ƙafa a ƙasa. Zuhur ta matso daga gefen dandali ta ɗaga waya don ta juya masa.

“Mayar da ita jaka, Lalla,” wato uwargida, ya ce mata, yana share ido da hannun riga. “Wannan na gane da kaina.”

Ya sake ɗaukar sandunan ganga don ya ƙara musu.