Ranar da Aka Yanka Bijimi a Taron Rage Cin Nama

Cikin shekarun da na yi ina malamin gona a ƙaramar hukumar Bukkuyum, ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni in faɗa wa makiyaya cewa gyatsar shanunsu na ɗumama duniya ba. Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, malamin gona shi ne ɗan aike tsakanin ofis da manoma. Shi ke kai sabon iri da shawara ƙauye, shi ke kwaso kuka ya dawo da shi ofis. Sama da ni akwai shugaban sashen gona, kuma daga bakinsa umarni ke fitowa.

Bayan kaka ne, an gama ɗaure gero, shugaban ya kira ni. Ya ce wata ƙungiya ta turo ma'aikaciyarta, Malama Rabi, da alkawarin ingantaccen irin waken suya. Sharaɗinsu shi ne a tara mutane a yi musu bayanin rage cin naman shanu, a nuna musu awara a madadinsa.

"In taron ya yi kyau, irin namu ne," in ji shi. "In ya watse, ƙaramar hukumar Gummi za su kai shi. Ka ji ko?"

"Na ji, yallaɓai."

Na zaɓi wani ƙauye gaba da Nasarawa Burkullu, inda manoma da Fulani ke zaune tare. Hanyar ba ta da kyau, sai na kira maigari a waya. Sabis na ta yankewa. Na ce masa za a yi taron rage cin nama. Abin da ya isa kunnensa shi ne taron cin nama.

Ranar taro muka ɗauko babban baho cike da awara da matan Bukkuyum suka soya mana. Tun daga nesa muka hango hayaƙi. Da muka isa, sai ga jama'a kamar ranar kasuwa, har daga rugage, kowa riƙe da kwano. An riga an feɗe wani ƙosasshen bijimi da maigari ya bayar, Sarkin Fawa na tsaye bakin tukuba yana jera tsire. Malama Rabi ta dube ni, ni kuma na dubi takalmina.

Ba yadda za a yi, aka buɗe taro da addu'a. Hausar Malama Rabi ta rediyo ce haɗe da Turanci, don haka tana faɗa ina mayarwa da irin tamu. Ta bayyana cewa idan saniya na tuƙa takan yi gyatsa, iskar kuwa na tashi sama ta riƙe zafin rana. A ƙasashen da ake tara shanu ba iyaka, in ji ta, ana sare daji ɗungum don a noma musu abinci. Zafi na ƙaruwa, damina na rikicewa. Maganar damina ta shiga mutane, don kowa ya ga yadda ruwa ke makara.

Sai Ardo Bello, shugaban Fulanin wurin, ya miƙe ya dogara da sandarsa.

"Malam, tambai mani ita. Wace saniya ta yi gyatsar? Shanuna duk na san su da suna. A nuna mani ita."

Na ce ba saniya ɗaya ake nufi ba, duka ne.

"Duka? Har da ta maigari?"

"Har da ita, Ardo."

"To, madalla," ya ce, ya zauna. Shi dai kada a ware nasa.

Da aka zo kan rage cin naman, wata tsohuwa, Inna Hauwa, ta ɗaga kwanonta. "Ɗiyata, rabona da naman shanu tun layyar bara, shi ma maƙwabci ya aiko. Mi za ni ragewa?"

Malama Rabi ta yi dariya. Ta ce gaskiya wannan saƙon ya fi dacewa da mu mutanen birni. Amma ta nuna itatuwan gawon bayan gari da aka sassare rassansu don dabbobi, ta ce wannan kam matsalar nan ce. Ardo bai yi musu ba. Ya ce yana yaro, ana kwana biyu cikin dajin nan ba a ga rana ba.

Can aka kawo mata tozo da hanta a faranti, rabon babban baƙo. Ta raɗa mini cewa ta yi shekaru ba ta cin nama. Ga kuma bahon awara ba wanda ya ko kalle shi, alhali ƙungiyarta na jiran hoton mutane suna ci. Na ga iri ya kama hanyar Gummi.

Sarkin Fawa kuwa tun ɗazu yake cika yana batsewa, don ya ji an ce wani abu zai maye gurbin nama. Ya zo ya ɗauki awara ɗaya ya tauna, yana harararta.

"Wagga ba ta da laifi," ya ce. "Marainiya ce, ba yaji ba ƙuli."

Ya sa aka yayyanka ta, ya soke a tsinke, ya barbaɗe da ƙuli-ƙuli da yaji, ya shafa man gyaɗa, ya kafa bakin wuta. Niyyarsa ya nuna mana cewa a hannun mahauci komai ke zama abinci. Kafin a ankara an fara wawa. Tsofaffin da haƙoransu suka daina iya nama su ne kan gaba. Malama Rabi ta ci tsinke bayan tsinke, ta ɗauki hotunanta.

Daga nan ta ce in faɗa wa maigari gaskiyar abin da ya kawo mu, da dalilin da ya sa ba ta taɓa tozon ba. Na durƙusa na faɗa. Ya daɗe yana kallon ƙahonin da aka ajiye gefe.

"Ashe bijimin ga banza yam mutu?"

"A'a, ranka shi daɗe," in ji Ardo. "An rage mai gyatsa guda."

Maigari ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Tozon kuma aka miƙa wa Inna Hauwa.

Irin ya zo mana kafin damina. Yau mata da dama a ƙauyen na soya awara suna sayarwa, Sarkin Fawa kuma na kafa tsirenta gefen na nama ranar kasuwa, ko da yake har yanzu ba ya yarda a kira ta nama a gabansa.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, abin da na ɗauka daga ranar ke nan. Saƙo mai nauyi da ƙafa ake kai shi. Kuma mutanenmu ba sa ƙin sabon abu, in dai an bari hannunsu ya gyara shi. Amma kafin ka ce wa mutum ya rage abin da ke tukunyarsa, fara buɗe murfin ka leƙa.