Safiyar da Binta ta sa na makara

Shekara tara ke nan da muka kai ƙanwata Binta makwancinta a Kankia. Allah Ya jiƙanta. A hannuna ta tashi, amma har yau ban gama mamakin yarinyar nan ba.

Lokacin da ta zo binciken digirinta na biyu a kan dukan yara da tsaronsu a makarantu, ni ne malamin horo a wata firamare a yankin Kusada. Na ba ta kujera a ofis, ta ƙi. Bakin ƙofa ta zaɓa, inda nake tsayawa da bulala ina jiran 'yan makara. Mako uku tana nan da littafinta tana rubutu. Ni kuwa har ƙara ƙwazo nake, wai in nuna wa 'yar jami'a yadda ake tarbiyya.

Akwai wata Hajjo, 'yar aji huɗu daga wata ruga bayan Mawashi, wadda kusan kullum sai ta sha bulalata. Kwatsam ta daina zuwa. Na ce lalaci ne.

Binta ta ce, "Yaya, gobe mu taho makaranta daga gidansu Hajjo."

Muka yi sammako a babur. Ta hana mu tasowa sai da Hajjo ta gama tatsar shanu, kamar yadda take yi kowace safiya. Sannan muka tako a ƙasa, ta gonaki, ta rafi. Gani ya kori ji. Ni da ƙafafuna na babban mutum, na tarar an daɗe da kaɗa ƙararrawa. Binta ta ɗauko bulalata ta miƙo mini. "Yaya, ka makara. Wa za shi buge ka?"

Tun ranar na ajiye bulalar. A kundinta ta rubuta cewa bulalar bakin ƙofa nisan gida take hukuntawa, kuma ta sakaya sunana. Sai dai Hajjo ba ta dawo ba. Sau biyu ina zuwa rugar, ubanta ya ce ta gaji da bugu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin ya daɗe yana cina.

Yau maganar kowa katanga da masu gadi, saboda halin rashin tsaro da muke ciki. Na san da Binta na raye ba za ta musa ba. Amma za ta tambaya: in an kulle ƙofar, wa ke jiran yaron daga ciki?

Kundin nata yana can laburaren jami'a, ban san masu buɗe shi ba. Abin da na sani, bana ranar ɗaukar sababbin ɗalibai wata mata ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da hannun 'yar yarinya. Hajjo ce.

"Malam, har yanzu ana bugun wanda ya makara?"

"An bari, Hajjo. Tun ranar da na taka hanyarku."

Sannan ta saki hannun ɗiyarta.